Tambayoyin da ake yawan yi min kan gina manhajar kwaikwayon netwok da rauta

Ni aikina ja wa mutane waya da saita rauta ne a makarantu da otal-otal a nan Jos, amma duk shekara idan lokacin zaɓen taken furojet ya yi sai 'yan aji huɗu na kwamfuta su fara sintiri wajena, magana ɗaya ce kullum, wai Oga ina so in gina abu kamar Packet Tracer, wato manhajar Cisco ta kwaikwayon netwok. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su a nan. Ku bi su a jere in da hali, don na ƙasa sun jingina da na sama.

1. Wai mene ne ma wannan manhajar, me take yi?

Allo ne da za ka ɗauko rauta, wato na'urar da ke nuna wa saƙo hanya tsakanin netwok da netwok, da maus ka ajiye, ka ɗauko suwic da kwamfuta, ka ja waya tsakaninsu, ka ba kowa adireshin IP, ka danna maɓalli abin ya tashi kamar da gaske, har ka yi ping daga wannan kwamfutar zuwa waccan ka ga amsa ta dawo. Amfaninta shi ne ba sai ka je Banex a Abuja ka kwaso rauta huɗu ba kafin ka koyi yadda suke magana da juna, kuma in ka ɓata saiti babu kwastoman da zai kira ka cikin dare yana faɗa.

2. Akwai Packet Tracer, akwai GNS3, akwai EVE-NG, to me zai sa in wahalar da kaina?

In jarrabawar Cisco ta CCNA kake son ci, kar ka gina komai, sauke Packet Tracer ka zauna ka yi karatu, Cisco na ba da shi kyauta ta makarantarsu ta Networking Academy. Ba za ka yi abin da ya fi GNS3 cikin simesta ɗaya ba, ka cire wannan a ranka tun yanzu. Amma ka sani shi kansa GNS3 ɗin aikin ɗalibai ne a Faransa tun farko, Jeremy Grossmann na cikin waɗanda suka fara shi, kuma abin da ya yi a lokacin shi ne ɗora fuska mai hoto a kan Dynamips, wanda Christophe Fillot ya rubuta tun 2005 don kunna ainihin tsarin Cisco a kan kwamfuta ta gida. Kenan ko su ba daga ƙasa suka haƙo komai ba.

Dalili mai kyau na gina naka shi ne ka fahimci abin da ke faruwa a ciki, ko kuma kana da wata buƙata ƙarama da manyan ba su damu da ita ba, misali manhaja mara nauyi da za ta tashi a tsofaffin kwamfutocin ɗakin gwaji na makaranta ba intanet, ko wadda take bayani da Hausa a gefe duk lokacin da fakit, wato ƙunshin saƙon da ke bin waya, ya tsallaka rauta. Irin wannan ni zan sa hannu a kai.

3. Ana ta cewa simuleta, emuleta. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan zaɓin shi ke yanke yadda sauran aikin zai kasance. A simuleta kai ne kake rubuta halin rautar da kanka, babu rauta ta gaske a ciki, kod ɗinka ne yake cewa in fakit ya zo a yi kaza. Packet Tracer haka yake, shi ya sa wani lokaci za ka buga umarni sahihi na Cisco ya ce bai san shi ba, don ba su rubuta shi ba ne kawai. ns-3 da OMNeT++ da masu bincike ke amfani da su su ma simuleta ne. A emuleta kuwa ainihin manhajar rautar ce take gudana, kai naka kawai ka kunna ta ka haɗa mata wayoyin bogi, nan ne GNS3, EVE-NG, Mininet na jami'ar Stanford, da Kathará na jami'ar Roma Tre a Italiya suke.

Wanne za ka ɗauka? In burinka ka nuna fakit yana tafiya a hankali, ka tsayar da lokaci, ka koma baya, ka yi bayani, ɗauki simuleta ka je tambaya ta 7 zuwa 9. In burinka mutum ya yi aiki da OSPF da BGP na gaske, wato ƙa'idojin da rautoci ke bi su koya wa juna hanya, ba tare da kai ka rubuta su ba, ɗauki emuleta ka je ta 10 da ta 11. Wanda ya ce zai haɗa duka biyun a furojet ɗaya ina yi masa addu'a.

4. Daga ina zan fara? Ni dai na riga na zana gumakan rauta masu kyau.

Nan ne kusan kowa yake faɗawa rami. Sati uku yaro zai yi yana gyara launin gumaka da inuwar waya, ya zo ya nuna min cikin murna, in ce to yi ping, sai ya fara sosa ƙeya. Zanen nan fenti ne, kuma ba a yi wa gida fenti kafin a zuba harsashi. Raba aikinka gida uku tun ranar farko. Na ɗaya bayanin netwok ɗin kansa, wato su wane ne na'urorin, fot, wato bakin sa waya, nawa kowacce take da shi, wace waya ta haɗa wane fot da wane. Na biyu injin da zai karɓi wannan bayanin ya kunna shi. Na uku allon zane, wanda aikinsa kawai ya nuna abin da ke cikin na ɗaya ya kuma aika wa na biyu umarni.

Gwajin da nake ba kowa shi ne, shin za ka iya kunna rauta biyu da kwamfuta biyu ka yi ping daga baƙin allon taminal kawai, babu ko tagar hoto ɗaya? In ba za ka iya ba to ka cusa injin a cikin zanen, kuma ranar da za ka canza wani abu a zanen injin zai rushe. GNS3 ma raba su suka yi, akwai saba, wato injin, daban mai sauraro a fot 3080, akwai fuskar daban, suna magana ta HTTP, shi ya sa za ka iya ajiye sabar a babbar kwamfuta a ofis kai kana zane daga ƙaramar labtop.

5. Wane yaren kwamfuta zan yi amfani da shi?

Wanda ka fi iyawa, amma in ka tambaye ni Python. Yana da ipaddress a cikinsa wanda zai raba ka da lissafin sabnet da hannu, akwai Scapy na ƙera fakit, akwai NetworkX in kana son duba lissafin hanya. Fuskar kuma Qt, ko ta PyQt ko ta PySide6, fuskar GNS3 ta kan tebur da PyQt aka yi ta. Ka lura da lasisi kaɗan, PyQt na kyauta a ƙarƙashin GPL yake, kenan in za ka raba manhajar sai ka buɗe kod ɗinka, PySide6 kuma LGPL ne ya fi sassauci. In ka fi sabawa da JavaScript yi fuskar a burauza kamar EVE-NG, Cytoscape.js zai ɗauke maka zanen ɗigo da layi. Tkinter ma yana yi, da shi aka yi MiniEdit na Mininet, sai dai ba shi da kyan gani.

6. Ta yaya zan adana abin da mutum ya zana?

Fayil na JSON mai sauƙi wanda mutum zai buɗe ya karanta da ido. Jerin na'urori, kowacce da lambar shaida da ba ta canzawa, da suna, da iri, da inda take a allo. Sai jerin wayoyi, kowacce ta ce daga na'ura kaza fot kaza zuwa na'ura kaza fot kaza. Abu biyu da za su cece ka, kar ka haɗa waya da sunan na'ura don mutum zai canza R1 zuwa Rayfield wayoyin duk su ɓace, yi amfani da lambar shaidar. Sannan waya fot take haɗawa da fot, in ka rubuta cewa R1 na haɗe da R2 kawai, ranar da aka ja waya biyu tsakaninsu ba za ka san wacce ce wacce ba. Ka sa lambar siga a saman fayil ɗin ma, don tsarin zai canza nan gaba. Maganar yadda ake rubuta fayil ɗin kar ya lalace tana ta 17.

7. Na zaɓi simuleta. Yaya zan sa fakit ya yi tafiya?

Kar ka yi amfani da sleep, kar kuma ka ba kowace rauta zarenta, wato thread, daban, za ka sha wuya a banza. Hanyar da ns-3 da ire-irensa suke bi ita ce layin abubuwan da za su faru, an jera su bisa lokaci. Kana da agogon bogi naka. Kwamfuta A ta tura fakit a lokaci 0, sai ka lissafa yaushe zai isa ɗaya bakin wayar, ka sa a layi cewa a lokaci kaza fakit ya iso fot kaza na R1. Injin ya ciro abin da ke gaba a layi, ya tura agogo zuwa lokacin, ya aikata shi, aikatawar ta haifi wasu sababbi su ma su shiga layi, haka dai har layin ya ƙare. A Python heapq ya ishe ka.

Lissafin lokacin kashi biyu ne. Akwai lokacin zuba fakit ɗin a waya, fakit mai bait 1500 shi ne bit 12,000, a layin megabit 10 zai ci milisakan 1.2. Akwai kuma lokacin tafiyar kanta, haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kenan fayiba mai kilomita 300 milisakan 1.5 ce. Daɗin wannan tsarin shi ne agogon a hannunka yake, ka tsayar, ka yi taki ɗaya ɗaya, ko ka ruga awa guda cikin ƙiftawar ido.

Wani tarko ƙarami da ya taɓa cinye min yamma guda, in abu biyu suka faɗo lokaci ɗaya heapq zai koma ya kwatanta abin da ke biye da lokacin a cikin ƙunshin, in bai san yadda ake kwatanta su ba sai ya faɗi. Sa lamba mai ƙaruwa a matsayi na biyu bayan lokacin, shikenan, kuma hakan zai sa sakamako ya riƙa fitowa iri ɗaya kullum.

8. Ita rautar ta yaya take sanin inda za ta tura fakit?

Tana da teburin hanyoyi, ta duba adireshin da fakit zai je, ta nemi duk layukan da suka dace da shi, ta ɗauki wanda ya fi tsawon mask, wato wanda lambarsa ta bayan / ta fi girma. Misali teburin na da 10.1.0.0/16 ta fot na ɗaya da 10.1.5.0/24 ta fot na biyu, fakit zai je 10.1.5.9, duka biyun sun dace amma /24 ce za ta ci don ta fi takamaimai. Kamar ka tambayi hanya ne a Terminus wani ya ce bi ta Bauchi Road, wani ya ce maka ga lungun ga ƙofar gidan, ai na biyun za ka bi. 0.0.0.0/0 ita ce ta ƙarshe in babu kowa. Don rauta goma ba ka buƙatar wata dabara, jera teburin daga mai tsawo zuwa gajere ka bi su ɗaya ɗaya.

Kafin ta tura sai ta rage TTL, lambar iyakar tsallen fakit, da ɗaya, in ya kai sifili ta jefar da fakit ɗin ta aika wa mai shi saƙon ICMP cewa lokaci ya ƙare, kuma a kan wannan ne traceroute yake tafiya, in ka yi shi daidai ka samu traceroute kyauta. Kar ka tsallake ARP, wato yadda na'ura ke tambayar adireshin MAC na mai adireshin IP kaza. Yara da yawa suna tura fakit kai tsaye daga IP zuwa IP kamar babu adireshin MAC a duniya, abin zai yi aiki a allo amma ƙarya kake koya wa mutane. Duk wanda ya taɓa rautar Cisco ya san ping na farko yakan faɗi sauran huɗun su wuce, ARP ɗin ne ake jira, in simuletarka ta nuna wannan ni na san ka gane aikin.

9. RIP zan fara rubutawa ko OSPF?

Fara da hanyoyin da ake sawa da hannu, in sun zauna sai RIP. RIP ɗan sauƙi ne, kowace rauta tana faɗa wa maƙwabtanta teburinta duk daƙiƙa 30, ana ƙirga tsalle nawa ne, iyaka 15, 16 na nufin babu hanya. Cikin sati ɗaya za ka gama, kuma yana da daɗin nunawa, ka cire waya ka kashe dokar hana maida labari ta inda ya fito, ka ga rautoci biyu suna ta yi wa juna ƙarya lambar tana hawa har 16.

OSPF kuwa mutane na ɗauka Dijkstra, lissafin nemo hanya mafi kusa, ne wahalarsa, alhali lissafin Dijkstra layi talatin ne. Wahalar tana wajen gaisuwa da ƙulla maƙwabtaka, saƙon hello duk daƙiƙa 10 a kan Ethernet, in an yi 40 ba a ji ka ba an ɗauka ka mutu, da musayar taswirar netwok har kowa ya samu iri ɗaya. Yi yanki ɗaya kawai, ka rubuta a rahotonka cewa iyakarka kenan. In RIP da OSPF duka sun kawo hanya zuwa wuri ɗaya, Cisco na fifita mai ƙaramar lamba, wadda aka sa da hannu 1, OSPF 110, RIP 120, ka ari wannan tsarin. BGP kuwa, wanda da shi kamfanonin intanet suke musayar hanyoyi a wurare irin IXPN a Legas da Abuja, kar ka rubuta shi da kanka, duba ta 11.

10. Na zaɓi emuleta. Dole sai na kunna kwamfutar bogi cikakkiya don kowace rauta?

A'a, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a Linux. Yana da hanyar yanka wa kansa ɗakuna, kowane ɗaki da nasa fot, nasa teburin hanyoyi, nasa ARP, ba ya ganin na maƙwabci. `ip netns add r1` ya buɗe ɗaki. `ip link add r1-e0 type veth peer name r2-e0` ya ƙera waya mai kai biyu, abin da ya shiga nan zai fita can. `ip link set r1-e0 netns r1` ya jefa kai ɗaya cikin ɗakin r1, ka jefa ɗayan a r2. Ka ba su adireshi, ka ɗaga su, ka yi `ip netns exec r1 ping` zuwa ɗayan, ka gama netwok ɗinka na farko. Suwic kuma gadar Linux ce kawai ko Open vSwitch. Mininet da Docker duk a kan wannan dabarar suke zaune, kuma ɗaki ba ya cin ram ɗin kirki, za ka buɗe hamsin a tsohuwar labtop ba ta ji ba.

Abubuwan da ke kama sababbi su ne, ɗaki ba ya zama rauta sai ka kunna net.ipv4.ip_forward a cikinsa. Fot ɗin lo a kashe yake zuwa a sabon ɗaki sai ka ɗaga shi. Sunan fot ba ya wuce harafi 15, in kana ƙera suna daga abin da mutum ya rubuta sai wata rana ya ƙi ba ka gane dalili ba. Kuma duk wannan yana buƙatar izinin root, wato cikakken iko a kan Linux ɗin, to kar ka kunna fuskar gaba ɗaya da sudo, injin kaɗai ya riƙe izinin, wani dalilin kenan na rabuwar da na faɗa a ta 4.

11. Zan iya sa Cisco IOS a ciki in raba wa 'yan ajinmu?

A'a. IOS, manhajar da ke gudana cikin rautocinsu, kayan Cisco ne mai lasisi, shi ya sa ko GNS3 ba ya zuwa da shi, kai za ka kawo naka. Na san ana yawo da su a filash, wannan tsakaninka da Allah, amma kar ka cusa shi cikin abin da za ka miƙa wa makaranta ko ka ɗora a GitHub. Kuma ba ka ma buƙatarsa. FRRouting, ko FRR a taƙaice, manhajar rauta ce ta kyauta, ya ɓalle daga Quagga a 2017, yana da RIP, OSPF, BGP, IS-IS, kuma in ka shiga vtysh umarninsa sun yi kama da na Cisco sosai har ɗan CCNA ba zai ɓata ba. Ka kunna shi a cikin kowane ɗaki ko a kontena ta Docker, sai ka tuna buɗe fayil ɗin /etc/frr/daemons ka kunna ospfd don a kashe yake zuwa.

Tunda a nan ƙasar MikroTik ne ya cika ofisoshi da otal, mutane za su tambaye ka shi. Suna da CHR, manhajar rautarsu da ake kunnawa a QEMU mai tayar da kwamfutar bogi, na kyautar an ƙayyade masa megabit 1 a kowane fot, don koyo ya isa har ya yi yawa. VyOS ma yana nan. Amma su waɗannan kwamfutar bogi cikakkiya ce kowanne, to karanta ta 12 kafin ka ɗauko goma.

12. Labtop ɗina giga 4 ne kuma Windows ke kai. Zai yi?

Simuleta zai yi ba matsala. Emuleta mai ɗakunan Linux ma zai yi in ka sa Ubuntu a gefe ko ka bi ta WSL2, ni dai na fi son a sa Linux ɗin kai tsaye a huta. QEMU da rautoci da yawa ne giga 4 ba zai ɗauka ba. Kuma ka shiga BIOS ka kunna VT-x in Intel ne ko AMD-V, yawancin tokunbo ɗin da ake sayarwa a kashe yake zuwa, in babu shi KVM mai ƙara wa QEMU sauri ba zai yi aiki ba QEMU zai riƙa jan ƙafa kamar tifa a hawan dutse. Masu Dynamips kuma in ka ji fanka tana ihu firosesa ta cika 100 da rauta ɗaya tak, ƙimar idle-pc ce ba ka saita ba, sanyin Jos na Disamba ma ba zai cece ka ba.

13. Idan na ja rauta da maus wayar ba ta bin ta, me na yi ba daidai ba?

Ka adana wayar a matsayin layi daga ɗigo kaza zuwa ɗigo kaza, maimakon ta riƙe na'urori biyun ta riƙa tambayarsu inda suke. A Qt yi amfani da QGraphicsScene da QGraphicsView, ka kunna wa gunkin ItemIsMovable da ItemSendsGeometryChanges, a cikin itemChange ka ce wa duk wayoyin da ke jikinsa su sake zana kansu. In ka manta na biyun itemChange ba zai ji motsin ba. In kuma bayan ka zuƙo allo kana ajiye abu yana faɗawa wani wuri daban, ka haɗa ma'aunin taga da na filin zane ne, mapToScene zai gyara. Ka rubuta sunan fot a bakin kowace waya, mutane sun fi buƙatar wannan a kan kyan gumaka.

14. Ina danna maɓallin kunnawa sai manhajar ta daskare.

Kana yin aikin injin a zaren da ke zana fuska, shi kuma ba ya iya abu biyu lokaci ɗaya. Mai da aikin wani zare ko wani shiri daban, QProcess ko QThread, su riƙa aiko da sigina. Kar ka taɓa gunki daga wancan zaren kai tsaye, zai yi aiki sau tara ya faɗi a na goma, kuma na goman ranar difens zai zo. Kar kuma ka zana kowane fakit, in ana tura dubu a daƙiƙa ido ba ya gani, sabunta allon sau 30 a daƙiƙa ka canza launin waya ko kaurinta.

15. Yaya zan yi mutum ya danna rauta sau biyu baƙin allo ya buɗe, kuma ya ga fakit a Wireshark, manhajar leƙa cikin fakit?

A emuleta mai sauƙin ita ce ka kira taminal ɗin kwamfutar ka ba shi umarnin shiga ɗakin. GNS3 telnet yake buɗe wa kowace na'ura a fot nata, daga 5000 zuwa sama. In a burauza kake, xterm.js da WebSocket. A simuleta kai za ka rubuta mai karanta umarnin, to zaɓi goma ko sha biyar ka tsaya, sa adireshi, sa hanya, nuna tebur, ping, traceroute, kar ka ce za ka kwaikwayi IOS duka.

Wireshark kuwa kar ka gina naka. `ip netns exec r1 tcpdump -i r1-e0 -U -w - | wireshark -k -i -` zai zubo maka fakit kai tsaye, ka ɗaura wannan a danna dama a kan waya. A simuleta ka rubuta fayil na pcap, Scapy na yi da wrpcap, kuma nan asirinka zai tonu, in fakit ɗin da kake ƙerawa ba sahihi ba ne Wireshark zai shafa masa ja.

16. Netwok ɗina ya cika kyau, yaya zan sa shi ya yi kama da na gaske?

Wannan tambayar nake so a riƙa yi. Layin da ba ya jinkiri ba ya zubar da fakit ba a ƙasar nan yake ba. A Linux `tc qdisc add dev r1-e0 root netem delay 300ms loss 2%` zai sa jinkiri da asara. Yana aiki ne kan abin da ke fita kawai, to ka sa a kai biyun wayar. Milisakan 300 kowane ɓangare ya ba ka kusan abin da VSAT, intanet ta tauraron ɗan adam, ke yi, wanda zuwa da dawowarsa kan kai 500 zuwa 600 saboda nisan tauraron. Ka sa maɓallin tsinke waya ma, mutum ya ga OSPF ya nemi wata hanya da idonsa. In kana son gwada wa ɗalibai wayo, canza MTU, wato iyakar girman fakit, a gefe ɗaya daga 1500, maƙwabtakar OSPF za ta maƙale a ExStart su yi ta nema. A simuleta duk wannan lamba ce kawai da za ka ƙara a lissafin ta 7, sai ka riƙe seed, wato lambar da ake fara zaɓen fakit ɗin da zai ɓace da ita, don a iya maimaita gwajin.

17. An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, yanzu fayil ya lalace kuma manhajar na cewa r1 na nan tuni.

Matsala biyu ce daban. Ta fayil, kar ka rubuta kai tsaye a kan tsohon, rubuta a sabon fayil na wucin gadi, in ya kammala ka sauya masa suna ya hau kan tsohon da os.replace, ko wuta ta tafi a tsakiya ɗaya daga cikinsu na nan lafiya. Ni batirin labtop ɗina ya mutu tuntuni, da jini na koyi wannan. Ta r1 kuma, in kwamfutar ta mutu gaba ɗaya ɗakunan sun tafi da ita, amma in manhajar ce kaɗai ta faɗi suna nan zaune da wayoyinsu da FRR yana ta gudu a ciki. Sa wa duk abin da ka ƙera wata alama a farkon suna, in manhajar ta tashi ta fara share masu alamar. Kar ka yi `ip -all netns delete` a cikin kod, za ka share har da na wasu.

18. Me zan nuna ranar difens?

Rauta uku a alwatika, kwamfuta ɗaya a kowane gefe biyu. Ka zana su a gabansu, ka kunna, ka bar ping yana tafiya, ka tsinke wayar da yake bi, a ga ya tsaya, a ga teburin hanyoyi ya canza, a ga ya dawo ta ɗaya hanyar. Minti biyar kenan. Kafin ranar ka gina alwatikar nan a Packet Tracer ko da FRR ka kwatanta teburin da naka layi da layi, don tambayar da malami mai kaifi zai yi ita ce ta yaya ka san abin da manhajarka ta nuna daidai ne, kuma hoton teburin biyu gefe da gefe ya fi duk wani dogon turanci. Ka tafi da fayil ɗin da ka riga ka adana ko da zanen ya ƙi, ka kashe sabunta Windows tun dare, ka ɗauki bidiyon komai yana aiki ka sa a waya, ka kuma je da caja da doguwar soket don ba kowane ɗakin difens ke da wuta kusa da tebur ba.